Babi na Shida: Turombon Bas na Farko, da Kuɗin da Ke Hannu

Ɗan ƙanwata ya zo mini da maganar ne bayan sallar isha'i, muna zaune a ƙofar gida a Lajifarani, zafin Faraku bai gama sauka ba. Ya miƙo mini wayarsa bai ce komai ba. Hoton wani turombon ne kwance cikin akwati mai jar shimfiɗa, yana ta ƙyalli, da bawul biyu a bayan mazurarinsa, bututai sun nannaɗe kamar hanjin rago.

"Kawu, a Kwatano yake. Mai shi ya ce in tura rabin kuɗin, gobe ya sa mini shi a mota."

"Ka busa shi?"

"A'a, Kawu."

"Ka taɓa shi da hannunka?"

Ya sunkuyar da kai. Shekara biyu da rabi ke nan yana tara kuɗin nan. Da rana yana ɗinki a shagon maigidansa, Asabar da Lahadi kuma yana bin wata ƙungiyar fanfar zuwa wuraren biki, ko rakiyar gawa ta maƙwabtanmu Kirista. Duk tsawon lokacin nan da abin aro yake busa, wani tsohon turombon tenor na shugaban ƙungiyar, wanda aka ɗaure wuyansa da robar tayar keke. Yanzu yana son nasa na kansa, kuma bas yake so, don kunnensa tun yana yaro can ƙasa yake, wurin amon da ake ji a ƙirji kafin a ji shi a kunne. Na ce masa kada ya tura ko dala. Na ce ya ba ni mako biyu, mu tafi Kwatano tare.

Busa ƙarfe ba baƙon abu ba ne a ƙasar Borgu. Duk wanda ya taɓa zuwa Nikki lokacin bikin Gani ya ji yadda dogayen kakakin sarki suke tsaga iska, kuma Bahaushe ya san su tun daga gida, don tarihin Kano ya nuna tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ake busa wa sarki kakaki. Amma kakaki na sarauta ne, ba kowa ake busa wa ba, ba kowa kuma yake busawa ba. Badujala, wadda a nan muke kira fanfar, ta shigo ne ta hannun sojan Faransa da 'yan mishan, ta yi saiwa a kudu, a Kwatano da Porto-Novo, sannan ta hauro arewa. Tun da ƙungiyar Gangbé Brass Band, wadda aka kafa a Kwatano a 1994, ta ɗauki kiɗan gargajiyar kudancin Benin ta zuba shi cikin ƙarfe ta zaga duniya da shi, samari da yawa suka daina kallon fanfar a matsayin abin rakiyar gawa kaɗai. Ɗan ƙanwata ma a waya ya fara ganin Martial Ahouandjinou, mai turombon ɗin wannan ƙungiya, daga nan abin ya shiga ransa.

Abin da akasarin masu saye na farko ba su sani ba shi ne, turombon bas bai fi tenor tsawo ba. Dukansu biyu a kan amon si bemol aka gina su, kuma idan aka warware bututun aka miƙe shi, tsawonsa kimanin mita 2.7 ne. Bambancin yana ga faɗi. Ramin kulis, wato bututun nan biyu da ake ja ana turawa, a bas milimita 14.3 ne, a babban tenor 13.9, a ƙaramin tenor irin na fanfar kuwa wajen 12.7. Mutum zai ce me rabin milimita zai yi, amma huhu ya san bambancin tun daga busar farko: bas cin iska gare shi kamar zugazugin maƙera. Mazurarin bas kuma faɗinsa yakan kai santimita 24 zuwa sama, na babban tenor kuwa bai cika wuce 21 da rabi ba. Wannan lissafin ya kamata mai saye ya riƙe shi da ka, domin a kasuwar gwanjo duk turombon da aka ga bawul a jikinsa sai a ce bas ne. Sau da yawa mai sayarwar ba ƙarya yake yi da gangan ba, shi ma haka aka gaya masa. Da na faɗa wa yaron haka sai ya zaro tef ɗin awonsa na tela daga aljihu ya ce, "Kawu, da wannan za mu tafi." Na ce masa babu abin da zai fi shi amfani a tafiyar.

Bawul ɗin kuwa ga aikinsa. Kulis yana da gurbi bakwai, kowane gurbi yana sauke amo da rabin taki. Turombon marar bawul idan ya sauka ya kai mi ta ƙasa a gurbi na bakwai, sai ya tarar da rami: akwai amo biyar da ba zai iya fitarwa ba kafin ya kai ga si bemol ta can ƙarƙashi. A 1839 wani maƙerin kayan busa a birnin Leipzig na Jamus, Christian Friedrich Sattler, ya ƙara wani bututu mai tsawon kusan mita ɗaya a bayan mazurari, da bawul da ake dannawa da babban yatsan hagu. Idan aka danna, kayan ya koma kan fa, huɗu daga cikin amon nan biyar suka samu. Saura ɗaya, si ta ƙasa, ita ce ta gagara, domin idan bututu ya ƙara tsawo guraben kulis su ma sukan ƙara nisa da juna, bakwai su koma shida, hannu ya ƙare bai kai gare ta ba. Saboda wannan amo guda ɗaya, da kuma sauƙin gudu a ƙasa, aka ƙara bawul na biyu a tsakiyar ƙarni na 20. Edward Kleinhammer, wanda ya riƙe kujerar turombon bas a babbar ƙungiyar kiɗa ta Chicago daga 1940 zuwa 1985, yana cikin waɗanda suka tura maƙera ga wannan gyara. Yau bawul biyun iri biyu ne: akwai wanda na biyun ba ya aiki sai an danna na farko, akwai kuma wanda kowanne yake cin gashin kansa.

Na yi wannan dogon bayani ne don mai karatu ya ga abin da yake biyan kuɗi a kai. Bawul na biyu abu ne mai kyau, kuma wanda zai zauna a babbar ƙungiya yana karanta takardar kiɗan zamani ba shi da makawa sai da shi. Amma yaron da zai bi fanfar daga coci zuwa maƙabarta, ko daga gidan ango zuwa gidan amarya, yana busa da ka ba da takarda ba, ga kuma mai babban bas ɗin nan da ake ratayawa a kafaɗa yana riƙe da ƙasan kiɗan, sau nawa zai nemi si ta ƙasa a shekara? George Roberts, Ba'amurken da ya yi aiki da Stan Kenton da Nelson Riddle har aka yi masa laƙabi da sunan kayan kansa, galibin rayuwarsa da mai bawul ɗaya ya yi busa, kuma har gobe ana koyi da taushin amonsa. Ga nauyi kuma. Mai bawul biyu yakan haura kilo biyu, kuma duk nauyin a kan hannun hagu yake sauka, don na dama dole ya kasance sake. A zaune cikin ɗaki wannan ba komai ba ne. A tsaye cikin rana, ana tafiya awa uku, wuyan hannu ne zai ba da labari.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta kawo mu. Sabon turombon bas mai bawul biyu na kamfanonin da suka yi suna, irin su Bach da Conn da manyan na Yamaha, yakan haura Yuro 4,000 a shagunan Turai. Da yake Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, kuɗin ya zarce sefa miliyan biyu da dubu ɗari shida. Mafi ƙarancin albashi a Benin tun farkon 2023 sefa dubu 52 ne a wata. Ke nan ma'aikaci zai yi fiye da shekara huɗu bai ci ba bai sha ba kafin ya haɗa kuɗin, ban da kuɗin jirgi da na kwastan. Wannan ƙofa a rufe take, kada ma a ɓata lokaci a bakinta. Ƙofofin da suke buɗe mana biyu ne: sabo ƙirar Sin, wanda ake samu ƙasa da Yuro 1,000, wato kusan kuɗin babur, ko kuma tsoho na gwanjo mai suna.

Ba na cikin masu zagin kayan Sin a dunƙule. Manyan masana'antun birnin Tianjin suna ƙera wa shaguna da yawa na Turai da Amurka kayan busa, kowane shago ya buga sunansa a jiki, kuma waɗanda suka bi ta hannun dillalin da ke dubawa ɗaya bayan ɗaya kafin ya sayar, ana samun na kirki a cikinsu. Matsalar ita ce wanda ya iso mu sau da yawa bai bi ta hannun kowa ba. Daga kwali sai hannunka. Idan kulis ɗinsa ya zo a karkace, ko bawul ɗinsa yana cijewa, babu inda za ka mayar da shi. Akwai kuma na jabu, waɗanda aka zana wa sunan babban kamfani a mazurari. Duk sabon kaya fil mai babban suna da aka yi maka tayinsa a kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na farashinsa ba, ka san sunan ne kawai kake saye.

Kafin mu tafi Kwatano na ɗauki yaron muka je Jugu, tafiyar kimanin kilomita 130 daga Faraku, garin da ayarin fataken goro suke yada zango a da tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Akwai wani abokina a can da ya daɗe yana busa a fanfar, na san abin da ya same shi, kuma na fi so yaron ya gani da idonsa. Ya shigar da mu ɗaki ya sauko da akwati daga saman kwaba. Turombon ɗin da ke ciki kamar tagwayen wanda ke cikin hoton wayar ne, har yanzu yana ƙyalli. Ya ce wa yaron, "Ɗana, ja kulis ɗin." Yaron ya ja. Daga gurbi na ɗaya zuwa na biyu ya tafi sumul, a na uku ya tsaya cak kamar an taka masa birki, sai da ya sa ƙarfi ya wuce, da wani ƙara mai kama da jan kujerar ƙarfe a kan siminti. Abokina ya zare bututun waje ya nuna mana na ciki: farin kurom ɗin ya ɓare a gefe guda, tsawon ɗan yatsa, tagullar da ke ƙarƙashi ta fito. Ya ce tun ranar da ya zo yake ɗan kamawa, ya ɗauka sabunta ce, zai sake. Bai sake ba. Wata takwas ya yi amfani da shi. A hanyar dawowa yaron bai yi magana ba har muka wuce rabin hanya, sannan ya ce, "Kawu, na goge hoton."

Ga abin da nake so duk mai shirin saye ya sa a ransa: a turombon, kulis shi ne kayan, sauran duk rakiya ne. Mazurari ya lotsa, ana iya buga shi ya miƙe, ko a bar shi haka amon bai canja sosai ba. Fentin ƙyalli ya zube, ado ne kawai ya tafi. Wata gaɓa ta saki, mai gyaran lagireto mai hankali zai iya liƙe ta da dalma a kan ƙaramar wuta, in ka tsaya a kansa ka hana shi ɗauko wutar walda. Amma kulis bututu huɗu ne, biyu cikin biyu, waɗanda dole su tafi a jere daidai wa daida, kuma tazarar da ke tsakanin na ciki da na waje ba ta wuce kaurin takarda ba. Idan ɗaya ya karkace ko da kaɗan ne, miƙar da shi aikin gwani ne mai sandunan ƙarfe na musamman da shimfiɗaɗɗen dutse na awo. Ni dai duk zamana a Faraku ban samu hannun da zan miƙa wa kulis in koma gida in yi barci ba. Wanda yake zaune a Faris ko Landan zai iya sayen kaya mai ɗan ciwo ya kai asibitinsa. Mu da muke sama da kilomita 400 daga bakin teku, lafiyayye za mu saya.

Gwajinsa kuwa ba ya bukatar ilimi mai zurfi. Ka goge shi tas, ka buɗe makullin, ka riƙe kayan ka ɗan sunkuyar da shi ƙasa, hannunka ɗaya na tare da bututun waje kada ya faɗi. Kulis mai lafiya da nauyin kansa zai zame, daga sama har ƙasa, ba tsayawa ba ƙara. Sannan ka ja shi a hankali da yatsu biyu, idonka a rufe, ka saurari inda zai ɗan cije. Bayan haka ka cire kulis ɗin daga jikin mazurari, ka toshe bakunansa biyu da yatsu, ka ja: in ba ya yoyon iska za ka ji yana ja da baya, yana so ya koma. Ka zare na waje ka dubi ƙarshen bututun ciki, inda suka ɗan fi kauri, don nan ne kurom yake fara cinyewa. Ɗan tabo kaɗan a tsohon kaya ba ya hana aiki. Ɓarewa mai kaifi wadda farce yake kamawa, ita ce abin gudu.

Akwai wata cuta kuma da ya kamata a sani. Tagullar da ake ƙera waɗannan kaya gamin jan ƙarfe ne da tutiya, galibi kashi 70 da kashi 30. Idan yawu da dauɗa suka daɗe a ciki, tutiyar takan narke ta fita ta bar jan ƙarfen kamar soso. Daga waje za ka ga ɗigo-ɗigo ja-ja ko ruwan hoda, da ɗan duhu a tsakiya, musamman a gwiwar kulis inda ruwa yake taruwa. Daga ciki take cin ƙarfe, don haka abin da ka gani a waje kaɗan ne daga abin da ke ciki. Ɗigo ɗaya ko biyu, kayan zai iya yin shekaru. In sun yi yawa a bututun kulis, ka ajiye ka yi gaba.

A Kwatano kwana biyu muka yi. Ba zan faɗi shago ko sunan kowa ba, amma duk wanda ya san garin ya san yadda kwantena suke sauke kayan gidajen Turai da aka kwashe, firji da keke da kujeru, jefi-jefi har da kayan busa na wata makaranta ko ƙungiyar ƙauye da ta watse. Mun ga turombon shida. Biyu tef ɗin tela ya kore su nan take, tenor ne masu bawul. Ɗaya mai fistan uku ne ba kulis, wanda wani kaya ne daban. Ɗaya kuma wani dogon tsoho ne mai ɗan maɗauki a jikin kulis, irin wanda aka gina a kan sol, wanda Turawan Ingila suka yi ta amfani da shi har wajen shekarun 1950. Abin sha'awa ne a gani, kuma na daɗe ina juya shi a hannuna, amma ba na mai koyo ba ne, don gurabensa daban suke da na kowa a ƙungiya.

Saura biyu. Na farko sabo ne mai bawul biyu. Na biyu tsohon Yamaha ne mai bawul ɗaya, fentinsa ya zube a duk inda hannu yake kamawa, mazurarinsa da lotsawa kamar girman kwabo a gefe, akwatinsa an ɗaure da igiya. Yaron ya auna: santimita 24 da 'yan kai. Ya goge kulis ɗin da ƙyallen da ya zo da shi, ya sunkuyar. Ya zame shiru har ƙasa, a bushe, ko mai babu. Na ga yadda fuskarsa ta canja. Ya danna bawul ɗin, ya dawo da sauri ba jinkiri. Muka kwance murfin bawul muka duba 'yan zanen da ke nuna ko ramukan suna haɗuwa daidai, ɗaya ya ɗan kauce saboda robar da ke tare shi ta cinye, abin da za a gyara da guntun toto ko roba. Bututun gyaran amo guda biyu, na babban jiki da na bawul, duka suka fita da hannu ba sai an buga ba. Sannan ya sa bakin busa ya busa si bemol, ya sauka fa, ya danna bawul ya gangara har do ta ƙasa. Masu dako biyu da ke wucewa suka tsaya.

Mai kayan ya ce, "Malam, ga sabo fil, me zai yi da wannan tsohon?"

Na ce, "Alhaji, tsohon dai muke so. A yi mana sauƙi, yaro ne ya tara da guminsa."

Aka yi ciniki aka sallama, har kuɗi suka yi saura.

Wannan saurar ba ta banza ba ce, kuma ina ba kowa shawara ya ware ta tun kafin ya fita gida, ko da kashi ɗaya cikin goma ne. Abu na farko bakin busa. Na bas mai kaurin gindi ne, kuma wanda aka fi farawa da shi a duniya shi ne Bach 1½G ko makamancinsa. Masu koyo sukan yi ɗokin ɗaukar mafi girma don su ji ƙasa ta buɗe, sai sama ta gagare su, leɓe ya gaji tun kafin a kai rabin hanya. A duba kuma bakin da leɓe yake taɓawa, in azurfar ta goge tagulla ta fito kada a yi amfani da shi, yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Abu na biyu akwati mai tauri. A garin da kowa a kan zemijan, wato babur ɗin haya, yake yawo, turombon cikin jakar yadi kwanansa ƙidayayye ne: gwiwa ɗaya ta bugi ƙofar mota, kulis ya tafi. Mun kai tsohon akwatin wurin baduku ya sa masa sababbin maɗaurai da igiyar goyo, ya kuma yanka wa yaron wata 'yar fata da yake zura hannun hagu a ciki, ta ɗauke wa yatsu nauyi.

Wanda ke da ɗan'uwa a Faransa ko Beljiyam yana da wata hanya, don a shafukan sayar da tsofaffin kaya irin su Leboncoin ana samun Conn 72H, ko Bach 50B, ko Yamaha YBL-421G, dukansu masu bawul ɗaya, wani lokaci har Holton TR-180 mai biyu. Amma sharaɗin bai canja ba. Ɗan'uwan ya je da ƙafarsa, ya ɗauki bidiyon kulis yana zamewa da kansa, ya ɗauki hoton bututun ciki kusa-kusa, kuma ya taho da kayan a hannunsa in zai zo gida. In kuma an nema an rasa bas mai lafiya, babban tenor mai bawul, irin Conn 88H ko Bach 42B, da bakin busa mai ɗan zurfi, zai riƙe ƙasan fanfar shekara da shekaru ba wanda zai yi ƙorafi. Ya fi bas mai ciwo nesa ba kusa ba.

Sayen rabin aiki ne a ƙasarmu, saboda hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar da ke sauka a Faraku da Jugu laushi gare ta kamar garin alkama, kuma ba ta da maƙiyi kamar kulis. Ta haɗu da man da aka shafa, ta zama kamar tokar wanke tukunya, kowane ja da turawa tana cin kurom. Maganinta goge-goge kullum: a zare, a goge na ciki da tsumma mai laushi, a naɗa ƙyalle a sanda a share cikin na waje, sannan a shafa mai kaɗan, kamar ƙwayar gero, a ƙarshen bututun kawai, a fesa ruwa da 'yar kwalbar fesawa irin ta masu aski. Akwai man da aka yi don wannan, kamar Trombotine da Slide-O-Mix, kuma tsofaffin mabusa da man shafawa na Pond's suka yi ta aiki shekaru da yawa. Man kaɗanya da man gyaɗa da baƙin mai kada su kusanci kulis. Basilin na bututun gyaran amo ne kaɗai, bawul kuma ɗigon man keken ɗinki ya ishe shi in babu nasa. Wanka sau ɗaya a wata, da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ban da tafasasshe. Sai abin da na fi nanata wa yaranmu: a kurkure baki kafin a busa. Wanda ya tauna goro ko ya sha lemo ya ɗauki kaya, duk abin da ke bakinsa cikin bututu zai kwana, kuma daga nan jan ɗigon nan yake farawa.

Ƙanwata ba ta so wannan sana'a ba da farko, kamar yawancin iyayenmu na zango, waɗanda a wurinsu busa ta maroƙa ce. Ranar da muka dawo ta dubi kayan ta ce, "Yaya, duk kuɗin nan a kan wannan tsohon ƙarfen?" Na ce ta bari ta ji. Da yamma ya fita bayan gida ya yi ta jan dogayen amo, ɗaya bayan ɗaya, har kwanon rufin ɗakin girki yana amsawa. Ba ta ce komai ba, amma ta sa ƙanensa ya kai masa ruwa.

Bayan wata uku shugaban ƙungiyarsu ya kawo wani sabon kiɗa da a tsakiyarsa akwai si ta ƙasa, amon nan da mai bawul ɗaya ba ya kaiwa. Yaron ya zo ya same ni da damuwa. Na nuna masa dabarar da mabusa suka yi ta yi kafin a ƙirƙiro bawul na biyu: a zaro bututun gyaran amon bawul ɗin waje sosai, har fa ta sauko wajen mi, sannan a miƙa kulis har bakin ƙarshe, a ɗan saki leɓe. Ya gwada sau huɗu, a na biyar ta fito, siririya da farko, sannan ta cika. Ya lalubo guntun allin tela a aljihun rigarsa, ya ja layi a jikin bututun daidai inda ya tsaya, don ranar Asabar ya same shi da sauri tsakanin kiɗa da kiɗa.